Yadda Ɗan Gidan Haƙar Rijiya Zai Huda Hanya Ƙarƙashin Nilu

Kai da ka gaji haƙar rijiya kaka da kakanni, ka zo Alƙahira karatu, karatun ya ce bai san ka ba, matso kusa. Bi matakan nan, na ɗaukar maka alkawari sai ka huda wa motoci hanya ta ƙarƙashin kogin Nilu. Ɗantsoho mutumin Tasawa ya bi su, ga shi nan da ransa.

1. Fara shan wahalar gada

Hau bas daga Giza da hantsi. In la'asar ta riske ka bisa gada kana kallon jakin da ka gani tun safe, ka cancanta. Nan Ɗantsoho ya ji wani kamfani na neman masu haƙa don a rage cunkoso. Ya sauka ya taka da ƙafa, ya riga bas ɗin isa.

2. Ɓoye asalinka

Gidan su Ɗantsoho ba su taɓa saran ƙasa ruwa ya ƙi fitowa ba. Sunan gidan ke nan, mutuncinsa ke nan. Bakin Ɗantsoho ya ƙi rufuwa, ya bugi ƙirji gaban shugaban leburori: "Ya rayyis, in sha Allahu kafin Juma'a na kai ku ga ruwa." Sai da aka nemo wa rayyis kujera.

3. Koyi haƙa a kwance

Rijiya ƙasa take yi, wannan rami gaba yake yi. In ka ji ƙamshin danshi, kada ka yi kabbara. Ɗantsoho ya taɓa yi, ma'aikata suka watse, mai shayi ma a gaba. Masana sun ce tulun da ke bisa kanka ba a yi masa ƙwanƙwasa.

4. Gyara addu'arka

Wadda tsohonka ya koya maka ta neman ruwa ce, kuma ba ta faɗuwa ƙasa. Bar ta a bakin rami. Ɗantsoho kan fara ta da mantuwa, ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga kai: "Ya Rabbi, ma'alish, a yi haƙuri, ba yau ba."

5. Kada ka aika kaset gida

Ranar da motar farko ta ratsa, ko ɗigo babu. Murna ta ɗebe shi, ya zayyana komai a kaset, ya ba wani Kamilu mai komawa Tasawa. Amsa ta dawo da muryar tsohonsa, dattawa na salati a bayansa:

"Ɗantsoho, a zaure aka kunna abin nan, gaban mutane. Kogi sukutum bisa kanka, ka haƙa ka haƙa, ba ka samo ko na alwala ba? Na ce musu ba muryarka ba ce. Kai ma in an tambaye ka, haka za ka ce."

Ya ji ciwo ƙwarai, tun daga nan ta gada yake bi.

Gargaɗi

Mai wannan nasiha bai taɓa riƙe dagi ba, iyo ma bai iya ba. In ruwa ya fito, tsakaninka da mutanen Alƙahira. In bai fito ba, tsakaninka da ubanka.