Yadda Ake Riƙe Babban Tsibi a Gasar Poka, Bisa Tafarkin Mutari na Al Warsan

Kai da Allah ya cika wa gaba da kwabban roba a teburin poka, har sai ka leƙa ta gefen tsibin kake ganin abokan wasa, matso kusa. Abin da ke tafe an gwada shi a Al Warsan cikin zafin 2012, kuma duk wanda ya bi shi daki-daki zai tashi da suna a bakin mutane. Wannan ko tantama babu.

Malamin namu shi ne Mutari, ɗan Damagaram mai ɗaure kaya a Murshid Bazaar. Su shida ne a ɗaki, gadaje masu hawa biyu, da tsohuwar esi mai sanyaya ɗaki wadda gado ɗaya kacal take yi wa mutunci, na ƙasa da ke fuskantarta. Duk shigowar zafi sukan zauna ranar Juma'a bayan an sauko, su buga gasa. Wanda kwabbansa suka ƙare ya fita, wanda ya rage shi ke raba wa kowa makwanci. Ba a sa ko dirhami, don haka kul ka kira shi caca, a Dubai muke. Mutari ya gaji da gadon sama, inda rufin ɗaki ke gasa shi kamar tsire, bayansa duk ƙuraje. Gadon esi yake so, kuma ran nan kati ya so shi. Kafin la'asar fiye da rabin kwabban wasan na gabansa.

1. Gina tsibinka yadda kowa zai gani

Kada ka baza kwabbai kamar gyaɗar talla. Jera su hawa-hawa, domin tsoro ta ido yake shiga. Mutari ya jera nasa irin yadda yake jera kwalaye a kwantena, ya tura hula ƙeya, ya ce, "Voilà. Yalla, Baba Ɗalhatu, raba mana." Baba Ɗalhatu shi ne dattijon ɗakin. Tun da wuri aka fitar da shi, sai ya koma rabon kati yana jan carbi.

2. Matsa wa mai matsakaicin abin hannu

Wanda ya kusa ƙarewa ba abin da yake tsoro. Mai matsakaicin tsibi shi ne zuciyarsa ke dukan uku-uku, shi za ka hau. Ko katinka shara ne, ƙara zuba kwabbai a tsakiya. Mutari ya samu Issah, maigadi ɗan zangon Kumasi, ya hana shi sakat.

"Chale, abokina, kullum kai ne da kati?" in ji Issah. "Wallahi burga kake."

"To biyo ni ka gani, habibi."

Issah ya dubi kwabbansa, ya ɗaga kai ya dubi gadon sama, ya ajiye kati. Biyu da bakwai ne a hannun Mutari, kati mafi lalacewa a duniyar poka.

3. Kada ka farfaɗo da wanda ya kusa fita

Duk masana sun yi ittifaƙi a kan wannan, kuma Mutari ya san da shi. A ƙarshen tabarma akwai Mijinyawa, ɗan Gusau mai tuƙa motar ɗaga kaya, abin da ya rage masa bai cika tafin hannu ba. Irin wannan ƙyale shi ake yi, abin da ake zubawa dole a kowane zagaye ya cinye shi. Abu ɗaya ne masanan ba su rubuta ba: ka fara tambayar sana'ar gidansu. Gidan su Mijinyawa maroƙa ne kaka da kakanni.

4. In an fara yi maka kirari, ka saurara

Rashin tarbiyya ne ka katse mai yabonka. Mijinyawa ya jawo bokitin wanka, ya kife shi tsakanin gwiwoyinsa, ya fara ɗan kaɗawa.

"Mutari ɗan Sabo, jikan masu raƙuma! Kwantena mai ƙafa arba'in, wa zai ɗaga ka da hannu? Na Birnin Damagaram, ka ɗaure kayan Legas, ka ɗaure na Kwatano, yau ka ɗaure mutum biyar a ɗaki ɗaya!"

Kai mai karatu kada ka yi dariya. Tun da Mutari ya sauka ƙasar nan ba wanda ya taɓa ambaton sunan ubansa. "Yalla, yalla," wato maza-maza, kawai yake ji daga safe har dare. Tsigar jikinsa ta tashi, idanunsa suka ciko, ya ji ƙamshin gida.

5. Yi kyauta

Ba a yi wa ɗan mutunci kirari ya zauna kamar dutse. Mutari ya laluba, gajeren wando ne a jikinsa, ba aljihu. Sai ya damƙi kwabbai cike da hannu ya liƙa wa Mijinyawa a goshi, suka zubo kan tabarma.

Issah ya yi tsalle. "Baba, wannan ya halatta?"

Baba Ɗalhatu ya ce, "A wajen Turawa ban sani ba. Amma a garinmu ba a karɓe abin da aka ba maroƙi. Raba zan yi."

6. Kada ka ja da baya a gaban jama'a

Nan ne ake gane manya. Mijinyawa ya tura duk abin da ke gabansa tsakiya, hannu ɗaya na kan bokiti. "Ɗan Sabo ba ya ajiye kati! Wa ya taɓa ganin ya ajiye? A kawo shaida!"

Mutari ya leƙa katinsa, ba komai. Hankalinsa ya ce ajiye, bayansa mai ƙuraje ma ya ce ajiye. To amma ta yaya? Yanzun nan aka faɗa a bainar jama'a cewa ba ya ajiyewa. Ya ce, "Na bi." Aka buɗe, Mijinyawa ya kwashe. Ya sake turawa, ya sake kiran kakanni, Mutari ya sake bi. A tsakanin nan Issah da sauran suka fita ba wanda ya lura. Tsibin nan ya yi ta komawa ƙarshen tabarma, kiɗa na ƙara daɗi, har Baba Ɗalhatu ya tattara kati ya ce, "Khalas, an gama."

7. Karɓi matsayinka

Mijinyawa ya ajiye filonsa a gadon esi, ya shiga raba wa sauran nasu, har ya iso kan Mutari. Akwai sauran gadon ƙasa guda, kuma Mutari ya zuba masa ido, don ko ba komai shi ya zo na biyu.

Mijinyawa ya russuna har ƙasa. "Ranka ya daɗe, ina ni ina kwantar da kai ƙasa tare da su Issah? A ji a Damagaram a ce me? Sama dai, ɗan Sabo. Can ne wurinka."

Mutari ya sake duban gadon ƙasan nan. In ya ce a'a, ya ce shi ƙaramin mutum ne ke nan. Ya kama tsani ya fara hawa, bokiti na raka shi mataki-mataki. Da ya kai sama zafin rufi ya mare shi, Mijinyawa kuwa ya kai kan kakansa na uku. Mutari ya duba hagu, ya duba dama, ya zare filonsa ya jefo masa tukuici.

A kula: mai wannan jagora bai san ka ba, bai aike ka ba, kuma ko kati bai iya riƙewa ba. Ƙuraje, ciwon wuya da duk abin da ya same ka a gadon sama, tsakaninka ne da wanda ya san sunan ubanka.