Kwana Ashirin da Ɗaya a Kan Ɓarin Dama

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na aika da bakina aka tara mini mata, suka zo suka zauna suka kalli kunyata. Ku ji shi daga gare ni, kafin wata ta ba ku ta ƙara nata.

A ƙauyenmu, nan gefen Ƙafin Maiyaki, an san hannuna. Ban taɓa shiga aji ba, amma na fi shekara arba'in ina yanke cibiya, ina wankan jego, ina gasa targaɗe. Yaro ya ƙone, a kawo mini. Lauje ya yanki mutum a gona, a kawo mini. (Wasu maganina ya warkar da su, wasu Allah ya warkar da su duk da maganina, amma godiyar duka ni na karɓa.)

Ana nan, ana nan, sai Allah ya jarrabi yayata, Yaya Dije, da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, harshe ya yi nauyi. Da aka sallamo ta daga asibitin Tudun Wada, ɗanta Musa ya ce zai tafi da ita Kano. Na ce babu inda za ta. Matar da ta goya ni a bayanta, a ɗakina za ta yi jinya. Ya soma maimaita mini bayanin da aka yi masa a asibiti, na katse shi, na tuna masa cewa ni na wanke shi ranar da ya faɗo duniya. Ya bar mini uwarsa, amma ya ce in ya ga abu bai yi ba, zai zo da mota.

Na gyara gado, na shimfiɗa leda don kada katifa ta lalace, na kwantar da ita a kan ɓarin dama, kanta kudu, fuskarta gabas. Dalilina mai ƙarfi ne. Na sha jin Malam Liman yana cewa kwanciya a dama ita ce sunna. Ga shi tana kallon alƙibla, in lokacinta ya zo ya same ta a shirye. Ga hannunta mai lafiya a sama, tana jan carbi. Na tokare bayanta da matashi biyu don kada ta mirgine. Kullum in na ɗaga ta na gyara mata jiki, sai in mayar da ita daidai inda take, kamar randa a gurbinta. Surukata ta taɓa cewa ko a juya ta hagu ta huta. Kallo ɗaya na yi mata, ba ta sake ba.

Kwana biyar, na ga ja a ƙashin ƙugunta. Na gasa da ruwan zafi, na murza da man zafi sosai. Yaya ba ta ce uffan ba, na ce lallai tana jin daɗi. (Ban tuna ba, wannan ɓarin ko allura aka soka ba ta ji.) Wurin ya sale, ya fara ruwa. Na ce maruru ne, na barbaɗa garin bagaruwa da toka, na mayar da ita a kansa don ya tsane. Kwana ya tafi, kwana ya zo, sai wurin ya yi ɓawo baƙi ƙirin, mai tauri kamar ƙirgi. Na yi hamdala. Akwai wani ɗan wari a ɗakin, na ɗora wa ɓera laifi, na ƙara turaren wuta.

Sai Musa ya aiko cewa ran Laraba zai zo da malamar asibiti ta duba ta. Da na ji ko wace ce, na yi dariya. Binta ce, 'yar maƙwabtanmu, wadda ni na yanke wa cibiya, yanzu ta zama nas. Na aika wa matan unguwa su zo dubiya ranar, na dama fura. So nake su ga yarinyar boko ta zo ta tarar babu aikin da ya rage mata.

Ta shigo da fararen kayanta, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta gaida matan ɗaya bayan ɗaya. Musa ya tsaya daga bakin ƙofa, bayan labule. Binta ta tambaye ni sau nawa ake juya Yaya a yini.

Na gyara zama, na ɗaga murya yadda na waje zai ji. "Yau kwana ashirin da ɗaya, ko sau ɗaya ba ta bar alƙibla ba. Ni na tsaya a kai."

Matan suka yi ta sa mini albarka. Binta kuwa, sai na ga tana sa safar hannu. Don in ƙarasa ta, na ce har wani ɗan maruru ya fito na kashe shi. Da hannuna na mirgina Yaya, da hannuna na yaye zani, na ce matan su matso su ga aiki.

Binta ta danna gefen ɓawon a hankali. Mugunya ta ɓullo ta ƙarƙashi, warin da nake ɗora wa ɓera ya cika ɗakin. Wata ta ajiye ludayin furarta, wata ta tuna ta bar tukunya a wuta.

"Inna," in ji Binta, murya ƙasa-ƙasa, "wannan ba warkewa ba ce. Nama ne ya mutu. A ƙarƙashinsa rami ne."

Na rasa inda zan sa idona. Ta yi mini bayani ba faɗa, kuma rashin faɗan ya fi mini zafi. Ta ce gyambon kwanciya ne. In ƙashi ya daɗe yana danne fata a wuri ɗaya, jini ba ya isa wurin, sai naman ya ruɓe daga ciki. Ta ce jan da na gani tun farko gargaɗi ne, ɗaga ta daga kansa kawai yake so, ni kuwa na gasa shi na murje shi. Ledar ma ta tara gumi ta jiƙa fatar. Ta ce in aka ƙara mako, ciwon yana iya kaiwa ƙashi ko ya shiga jini.

Daga bayan labule Musa ya ce a haɗa kayan uwarsa, yau za su wuce Kano.

Binta ce ta fita ta same shi. Ina jin ta tana cewa asibiti dole ne, a cire mataccen naman, amma bayan nan wannan ciwo mai naci yake so, wanda zai juya ta duk bayan awa biyu ba fashi. "Matar da ta yi kwana ashirin da ɗaya ba ta kuskure ko sau ɗaya ba a kan abin da ba daidai ba, kana ganin za ta kuskure in an nuna mata daidai?" Har yau ban gane yabo ne ko zagi ba, amma shi ya bar mini yayata.

Bayan an dawo da ita, Binta ta koya mini kamar yarinya. A wanke da tafasasshen ruwan da ya huce da ɗan gishiri, a rufe da bandeji mai tsabta, ba toka, ba murza. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗaga dugadugai. A ba ta ƙwai da wake da nono. Da yake ban san agogo ba, ta ɗauki gawayi ta ja layuka a tsakar gida, inuwar katanga tana taɓa layi, in juya Yaya: hagu, baya, hagu, har gyambon ya ba da hali. Na je wa Malam Liman da maganar alƙibla. Ya ce shi barcin masu lafiya yake nufi, kuma in na mai da kanta arewa, ai a hagun ma gabas take kallo. Shekara sittin da ɗoriya, wannan bai taɓa faɗo mini ba.

Wata huɗu ramin yana cikowa da jan nama, har ya rufe. Ranar da Binta ta cire bandeji na ƙarshe, Yaya ta kamo zanina da hannun carbi, ta ja harshenta da ƙyar ta ce, "Taurin kai." Ta yi dariya da rabin baki.

Har gobe ana kawo mini masu rauni, har gobe ina dubawa. Sai dai yanzu in na ga ɓawo baƙi, Binta nake aika wa tukuna. Mata da fura sai daga baya.