Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Sufeto

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, mai gwajin ido na shagon tabarau da ke daura da tashar mota, wanda iyalinsa ke kira Sufeto ko da yake bai taɓa taka ofishin 'yan sanda ba, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta cinya, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ne ranar Asabar da yamma, a kan teburin falo, bayan doguwar jinya da ta ɗauka da haƙuri da yawan huci.

Marigayiyar ba sabuwa ta shigo gidan ba. Yayar Sufeto ce ta kawo ta, shekarar da ta yi ritaya daga aikin jinya, ta ce ya riƙa adana sakamakon gwajin idon mutane a ciki. Sufeto ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har da rusunawa, kuma har Tsohuwa ta bar duniya ba ta ga sakamakon idon kowa ba. Gawarwaki kawai ta gani. Ta ga attajirin da aka tsinta a ɗakin karatu da ƙofa a kulle ta ciki, ta ga mawaƙiyar da ta sha guba a bayan fage, ta ga matuƙin jirgin ruwa da ya ɓace ya bar hularsa a kan tebur. Duk ta ɗauke su a cikinta ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Waɗanda suka san Sufeto sun san mutum ne mai ra'ayi a kan littattafan bincike, kuma ba ya jiran a tambaye shi. Abokan cinikinsa da yawa sun ji wannan ra'ayi suna zaune a kujerar gwaji, ido ɗaya a rufe, ba hanyar gudu. A wurinsa, marubucin da ya ɓoye wa mai karatu shaida ɗan damfara ne. Wanda kuma ya fito da tagwaye a shafin ƙarshe, ko ya ce ashe duk mafarki ne, ya cancanci a ƙwace masa alƙalami a gaban jama'a. Labaran sararin samaniya yana karanta su, amma yakan yi mamakin yadda mutum zai yi tafiyar shekara dubu zuwa wata duniyar don kawai ya tarar da irin rigimar gidansu. Littattafan soyayya kuwa ya ce ba ya karantawa, yana dai duba ingancin takardarsu ne.

Amma littafi yana da aibu guda: wani ne yake yin binciken, kai naka bin baya. Tsohuwa ce ta fitar da Sufeto daga wannan ƙasƙanci. A cikin wasannin binciken da ke cikinta shi ne yake buɗe durowa, shi ne yake ɗaga kafet, shi ne yake tsare mai laifi da tambaya har kiɗan wasan ya canja, alamar an kama maƙaryaci. Ranar da ya fara jin wannan kiɗan, sai da ya miƙe tsaye a falo shi kaɗai ya gyara wuyan rigarsa.

Halayen marigayiya na gari ba za su ƙirgu ba. Mai rufin asiri ce. Ba ta taɓa faɗa wa kowa cewa Sufeto ya tura mai ban-ruwan fulawa kurkuku ba tare da laifin komai ba, ba sau ɗaya ba kuma ba sau biyu ba. Sai dai ta mayar da shi farkon babi, kamar uwa ta mayar da ɗa makaranta. Ba ta tona cewa ranar da ya gwada wasan ban tsoro na wani asibiti da aka yi watsi da shi, ya rufe ta da ƙarfi tun a baranda ta farko ba, ya kuma shaida wa matarsa cewa labarin ne ba shi da tsari. Haka nan ita kaɗai ta ga hawayensa lokacin da wani bincike ya ƙare da cewa tsohon direban gidan ya ɗauki laifin ne don ya kare 'yarsa. Sufeto ya ce hasken allo ne, kuma tun da shi ne masanin ido a gidan, ba wanda ya yi masa musu.

Za a daɗe ana tuna muryarta. Idan an tashe ta takan ce “tilin-lin” a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai. Idan bincike ya yi zafi, fankarta takan ɗauki “fuuuu” har sai an ƙara sautin wasan. A shekarunta na ƙarshe ta ƙaro wani “ƙir-ƙir-ƙir” daga can cikin ƙirji, wanda Sufeto ya fassara da cewa tunani take yi.

Ba za a ba da tarihin Tsohuwa a bar Yaya ba. Tun da mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma kowa ya kama gabansa, gidanta ya yi mata faɗi. Sai ya zama kowace Asabar da yamma tana zuwa, ta zauna a gefen ƙanenta da kofin shayi, su yi bincike tare. Ba ta taɓa linzamin kwamfuta, ta ce ba ta iya ba, amma umarni a bakinta yake.

“Auta, koma ɗakin likitan nan. Ba ka duba bayan labule ba.”

Ita kaɗai ce a duniya take kiran mutum mai furfura Auta ya amsa. Shi yana bin shaida, ita tana bin fuska. Takan kalli wanda ake zargi sau ɗaya ta ce, “Wannan idonsa bai yi mini ba, na ga irinsu a asibiti.” Gaskiyar magana, su biyun sun yi kuskure daidai wa daida, kuma kowa kuskuren ɗan'uwansa kawai yake tunawa. Matar Sufeto takan ce ba ta taɓa ganin mutanen da kisan kai yake sa wa nishaɗi irin waɗannan biyun ba. Amma takan dafa shayin, don ta lura Asabar ce kaɗai ranar da Yaya take dariya har da buga cinya.

Ciwon ajali ya shigo a hankali. Da farko batirin ne ya daina riƙe wuta, har ya zama ba ta iya rabuwa da bango. Daga baya maɓallai biyu suka zube kamar haƙora. Sai wuyanta ya saki, aka ɗaure shi da salatif, ana jingina bayanta da manyan littattafai guda biyu, waɗanda Sufeto ya zaɓo daga cikin masu tagwaye, don su ma su yi amfani sau ɗaya a rayuwarsu. Jikinta kuwa kullum zafi rau, ba ta ɗoruwa a cinya sai an sa tire.

A ranar da abin ya faru, suna babin ƙarshe na wani bincike da ya cinye musu Asabar da yawa. An kashe mai wani otal a kan tsibiri, jirgin ruwa kuma ba ya zuwa saboda hadari. Yaya ta kafe a kan likitan otal ɗin. Sufeto ya rantse matar marigayin ce. An tara duk waɗanda ake zargi a ɗakin cin abinci, saura danna maɓalli guda a ji gaskiya. Nan ne aka ƙwanƙwasa ƙofa, maƙwabci ya zo a ɗaure masa hannun tabarau. Sufeto ya fita. Da ya dawo, allo ya yi baƙi ƙirin. Ya danna, ya girgiza, ya kira ta da sunanta. Ko “tilin” ba ta ce ba.

A nan ne shekarun karatu suka yi aikinsu. Sufeto ya dubi falo da idon gwani. Mutum ɗaya ne aka bari da marigayiya. Ga kofin shayi a hannunta, ga danshi a kan tebur kusa da gawa. Dalili kuwa a fili yake: wa zai ji kunya idan aka bayyana cewa ba likitan ba ne? Ya kira matarsa da 'yarsu da ta zo hutu daga jami'a, ya zaunar da kowa, ya goya hannuwansa a baya, ya fara zagaya tebur. Ya daɗe yana burin irin wannan rana.

“Baban yara, abinci zai huce,” in ji matarsa.

Ya wanke ta daga zargi, don tana kicin. Ya wanke 'yarsa, don ba ta ɗaga kai daga wayarta ba tun safe. Sannan ya tsaya a gaban Yaya, ya sauke tabaransa zuwa kan hanci.

“Yaya, lokacin da na fita, me kika yi da shayin nan?”

Ta ɗauka wasa ne, ta yi dariya. “Sha na yi, Auta.”

“Wannan danshin fa? Ki faɗi gaskiya, kin zuba mata ne don kin ga za ki sha kaye.”

Dariyar ta tsaya. Ta dube shi ta daɗe, irin kallon da take yi wa mutanen cikin wasa.

“Ni da na goya ka a bayana? Ni da na kawo maka ita?”

Ta ajiye kofin a hankali, ta ɗauki jakarta, ta gyara mayafinta, ta yi wa matar gidan sallama da kyau, ta fita. Babu wani kiɗa da ya canja.

Washegari aka kai gawar wurin mai gyara, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, cike da allunan da suka fashe. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya haska fitila, ya shinshina, ya girgiza kai.

“Malam, babu ruwa a nan ko ɗigo. Tsufa ne. Ai ni mamakin da nake yi, yadda ta kai bana.”

“Ba wanda ya taɓa ta?”

“Ba kowa.”

“Ka sake dubawa.”

“Ko sau nawa na duba, Malam, kwananta ne ya ƙare.”

Sufeto ya fito ya tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa. A duk littattafan da ya karanta, bai taɓa cin karo da ƙarshe mai muni irin wannan ba: ga gawa, ga wanda ake zargi, ga jawabi an yi an gama, amma babu mai laifi. Ya kira Yaya, wayar ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ya je gidanta, maƙwabciya ta ce ta fita, alhali yana hango takalmanta a bakin ƙofa. Wannan karon ya ga shaida ƙarara, ya kuma juya ya koma gida. Asabar ta zagayo, matarsa ta dafa shayi kamar kullum, ya huce a cikin buta.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda mai karyayyen wuya, da linzami wanda maɓallinsa na hagu ya lotsa saboda tsananin zargi, da jaka mai mataccen zif, da kanta biyu na littattafai waɗanda yanzu ba su da abokin hira. Ta kuma bar bayin Allah a ɗakin cin abinci na wani otal a kan tsibiri, likita da matar marigayi da sauransu, suna tsaye suna jiran hukuncin da ba zai zo ba. Sufeto yana roƙon duk wanda ya san ƙarshen wannan bincike da ya ji tsoron Allah ya riƙe bakinsa. 'Yarsa ta ce za ta iya nemo masa amsar a waya kafin ya ƙifta ido. Ya ce a'a. Ba shi kaɗai ya fara binciken ba, ba zai ji ƙarshensa shi kaɗai ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da yamma. Bisa shawarar mai gyara, za a cire allonta da fankarta a ba wa mabuƙata, sauran jikin kuma a kwantar da shi a saman kantar shagon, cikin 'yan'uwanta. Daga nan za a dawo gida a karɓi gaisuwa a falo. Ba a buƙatar kowa ya kawo komai, kuma matar gidan ta roƙi masu ta'aziyya kada su tambayi mai makoki ra'ayinsa a kan kowane littafi, don a samu a tashi da wuri.

An keɓe kujera mai taushi kusa da taga domin Yaya. Za a bar ƙofa a buɗe har a watse, bayan an watse ma za a bar ta. Idan ta zo, tana iya ajiye kofinta duk inda ta ga dama, kuma Sufeto ya yi alkawari a gaban shaidu cewa ba zai yi mata tambaya ko ɗaya ba.