Famfon da Kura Ta Kawo

A ƙasar Kurmin Gabas rijiya ɗaya ce, ta kakanni, kuma ta tsufa. Duk rani wani jaki, Jatau, shi ke shiga ya yashe ta, ya gyara bakinta. Da ya rasu, aka yi shekara uku ba wanda ya shiga. Guga ya fara dawowa rabi ruwa rabi laka.

Matarsa Tabawa ta tafi fada, ta durƙusa gaban Sarki Zaki.

"Ranka ya daɗe, rijiya na son yasa. Igiyar marigayi na nan a ɗakina."

Kura, ministar ruwa, ta gyara zama. "Baba Tabawa, yasa ai aikin mutanen da ne. Gwamnatin nan famfo za ta kawo. Kowa ya murɗa ya sha, har jikokinsa."

Aka kafa famfo mai ƙyalli a ƙofar fada, ba a haɗa shi da komai ba sai wani tsohon duro da aka ɓoye bayan zana. Kura ta kira Tabawa gefe.

"Ki riƙa ɗebowa daga rijiya kina zubawa a duron nan. Kada a ga ko kunnenki."

Ranar buɗewa Zaki ya murɗa, ruwa ya zubo, birai suka yi ta kiɗa. Daɗi ya kama Sarki.

"Tunda ga wannan, me za mu yi da tsohon rami? A cike shi yau."

Kura ta dubi ƙasa, ta ce shawara ta yi kyau.

Tabawa na bayan zana, ta ji komai. Ta tuna yadda Jatau ke fitowa daga rijiyar nan, laka har ido, yana dariya. Ta ɗauki gugan ƙarshe, wanda ba ta tace ba, ta juye a duro.

Famfo ya yi tari, ya tofa wa Sarki baƙar laka a gemu. Kiɗa ya tsaya.

Tabawa ta ture zanar ta fito. "Ranka ya daɗe, ni ce injin. Abin da ya rage a rijiya ke nan."

Washegari Sarki ya sa aka zura Kura cikin rijiya da igiyar Jatau don ta yashe ta, Tabawa na riƙe da bakin igiyar.

"Baba, yaushe za ki jawo ni?"

"An kafa kwamiti," in ji Tabawa. "Cika gugan."