Furar Inji a Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa da sunan ɗana na fari ba, kuma ga dukkan alamu mutanen Shagari ma ba su da niyyar mantawa.

A lokacin Turawa ba su tafi ba, ana kashe sule da kwabo mai huda. Ni tela ne a kasuwar Bodinga, ina da keken ɗinki na ƙafa, kuma ina ji da kaina ƙwarai. A ganina duk abin da aka ƙera da ƙarfe, in dai yana da kusoshi yana juyawa, to ɗan'uwan kekena ne, na san halinsa ciki da bai. Fitilar wani ta lalace, ni ake kawo wa. Agogon malamin haraji ya tsaya, ni ake nema (sau biyu na gyara shi, sau biyu yana ƙara lalacewa, amma wannan wani labarin ne daban).

Matata Hajo 'yar Shagari ce, kuma da cikinta ya tsufa sai ta tafi goyon ciki gidan iyayenta kamar yadda aka saba. Mahaifinta, Malam Buba, mai shanu ne da gona, mutum ne da ba ya yawan magana. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa jin ya yabe ni ba, ban kuma ji ya kushe ni ba, wannan shirun kuwa yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na dai ji ƙishin-ƙishin cewa ya taɓa faɗa wa wani cewa namijin da ke wuni a inuwa yana taka ƙarfe bai san zafin rana ba. Ko ya faɗa, ko ƙara masa aka yi, ni dai na riƙe maganar. Abin da nake so a duniya shi ne mutumin nan ya dube ni sau ɗaya ya ga 'yarsa ba ta faɗi ba.

Wata rana na shiga Sakkwato sayen yadi da zare, da kuɗin ragon suna ɗaure a lalitata. A wani kantin Turawa na gan shi: ɗan injin niƙa na hannu, kore shar, da mazurari a sama da mariƙi a gefe, irin wanda ake ɗaurewa a bakin benci. Akawun kantin ya ga na tsaya na saki baki, sai ya ɗebi dawa tafi guda ya zuba, ya juya mariƙin. Gari ya riƙa zubowa ta ƙasa, ba turmi, ba taɓarya, ba dutsen niƙa. Na tambayi kuɗinsa. Da ya faɗa sai na yi masa sallama na fita, don kuwa ya kusa kuɗin rago mai kyau.

Sau uku ina fita ina dawowa. A waje hankali yakan ce mini, kai wane, turmi nawa ne a gidanku? Kakarka da turmi ta ciyar da gida har ta koma ga Allah, ba wanda ya kwana da yunwa. In wani abu ya karye a jikin injin nan, wa zai ƙera maka shi a Bodinga? Da na koma ciki na sake ganin koren fentin nan sai wata zuciyar ta ce, ai Hajo za ta huta da daka, ga jego ga ɗawainiya, kuma rago na kwana ɗaya ne, inji kuwa na shekaru. Hujja ce mai kyau, har yau ban ce ba ta da kyau ba. Sai dai in zan faɗi gaskiya, ba hannun Hajo nake gani ba a lokacin, fuskar Malam Buba nake gani sa'ad da za a ce masa, ga abin da surukinka ya kawo.

Na saya. Da ragowar kuɗin na sami wani rago wanda in ka hango shi daga nesa sai ka ce ɗan akuya ne ya yi aron ƙaho.

Ba a yi kwana goma ba aka aiko cewa Hajo ta sauka lafiya, an sami namiji. Ana gobe zan tafi na zauna na kwance injin nan ɗai-ɗai don in san shi sosai. Na tarar da haƙoransa cike da wani maiƙo mai kauri da aka shafa masa don kada ya yi tsatsa a hanya. Na yi masa abin da nake yi wa kekena: na wanke shi tas da kananzir, sannan na ɗauko ɗan gwangwanin man keken ɗinki na bi kowane haƙori na ɗiga masa, har ya riƙa juyawa ba ƙara. Ƙarfen da ba a ba shi mai ba kuka yake yi, wannan kowane tela ya sani. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, yadi ake sa wa keke, ba abin da za a ci ba. (Hancina kuwa ya daɗe da mutuwa a kan warin nan. Mutumin da ya shekara bakwai yana shaƙarsa safe da yamma, a wurinsa iska ce kawai.)

Na aika da ragon tare da 'yan kasuwa, ni kuma na ɗaure inji a bayan basukur, wato keken hawa, na isa Shagari ranar jajibirin suna. A al'ada uban ɗan fari ɓoyewa yake yi. Ya sauka a gidan maƙwabta, ya sunkuyar da kai, kada ma a ji muryarsa. Na sauka a gidan maƙwabtan, wannan kam na yi. Sauran ne suka gagare ni.

Daga cikin gidan surukaina ana jin mata sun jera turame suna dakan furar suna, ana lugude ana guɗa. Na aika aka kira mini Inna Tumba, kakar Hajo. Ita kaɗai ce a gidan zan iya magana da ita baki da baki, don wasan jika muke yi, mijinta take kirana. Na nuna mata injin, na ce a ba ni surfaffen gero da kayan yaji, ni zan niƙa garin furar manya.

Ta zagaya shi sau ɗaya tana kallo. Ta ce, "Mijina, abin ga shi ka yin aikin mata?"

Na ce, "Na mata goma, Inna."

Aka kawo gero ƙwarya guda. Na ɗaure inji a benci a ƙofar gidan da na sauka, mutane suka taru, na naɗe hannun riga na kama juyi. Akawun kanti da tafin dawa ɗaya ya gwada mini, bai gaya mini yadda ƙwarya guda take a kafaɗa ba. Kafin in kai rabi gumi ya jiƙa mini riga, kuma ina ji matan cikin gida sun sauke turmi na uku. Amma gari ya fito, mai laushi kuwa, na kuma ji wani tsoho yana cewa Nasara sai dai a bar shi. Kaina ya ƙara girma.

Inna Tumba ta zo ɗaukar garin. Ta ɗebi kaɗan ta kai hanci, ta dube ni, ta sake kaiwa.

Ta ce, "Mijina, ka shinshina garin ga kuwa?"

Na ce, "Ƙamshin sabon ƙarfe na, Inna. Hakanan kayan Ingila suke."

Ta ce, "To. Ni ban taɓa zuwa Ingila ba."

Na ƙara da cewa, "A yi hurar ga daban, kak a gama ta da ta turmi. Zaure za a kai ta, wurin manya, kuma a hwaɗa musu ta inji ta."

Ta ɗauki ƙwaryar ta aza a ka, ta ce, "Kai kac ce." Daga baya na ji cewa surukata ta so ta zubar da garin, amma ta rasa yadda za ta yi ta ƙi saƙon suruki ranar sunan ɗansa. Sai ta ƙara citta da kanumfari, ta zaɓi nono mai tsami, ta bar wa Allah sauran.

Da safe aka raɗa suna, aka raba goro, aka yanka ragona. Ban ji wanda ya ce komai a kansa ba, sai wanzamin garin da ya tambaya ko uwar ragon ta san an kawo shi. Na yi kamar ban ji ba, don na san abin da ke tafe zai wanke ni.

Da hantsi aka fito da furar inji a babbar ƙwarya fara, an rufe da sabon faifai. A zaure akwai liman, da Malam Buba, da dattawan unguwa kamar takwas, da wanzamin nan. Ni kuwa suruki ne, ba na zama inda surukina yake, balle in ci ko in sha a gabansa. Don haka ko ludayi ɗaya ban kai bakina ba. Na raɓe a jikin katanga ta waje, inda nake hangen rabin zauren, ina jiran yabo.

Liman ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya tsaya da ludayin a hannu, ya dubi rufin zaure kamar mai tuna wata aya. Ya haɗiye, ya ce, "Alhamdu lillahi ala kulli halin," ya miƙa wa na kusa da shi. Shi ma kurɓi ɗaya ya yi ya miƙa gaba. Haka ludayin ya zagaya, zaure ya yi tsit. Ni kuwa ina waje ina cewa a raina, ka ji, daɗi ya hana su magana.

Da ya iso hannun wanzami, ya kurɓa, ya goge baki da bayan hannu.

Ya ce, "Malam Buba, hurar ga in anka sa mata lagwani, ta kai mu asuba."

Wani ya yi tari don ya danne dariya, bai iya ba. Zauren ya ɗauka gaba ɗaya, har liman ya rufe fuska da gefen rawani kafaɗunsa na rawa. A nan ne warin ya iso mini, ba ta hanci ba, ta ƙwaƙwalwa. Na tuna kananzir, na tuna ɗan gwangwanin mai. Na so ƙasa ta tsage.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam Buba ya jawo ƙwaryar gabansa, ya cika ludayi ya shanye. Ya sake cikawa ya shanye. Ya yi na uku, idanunsa sun kawo ruwa, amma fuskarsa ko gezau.

Ya ce, "Hurar gidana ta. Ɗana yan niƙa ta da hannunai. Wanda bai sha shi aje, a kawo mai ta turmi."

Dariyar ta mutu nan take. Ni kuma da a ce zagina ya yi, da abin ya zo mini da sauƙi. Shekara biyu ina jiran mutumin nan ya ce mini ɗansa, sai ga shi ya faɗa da kananzir a maƙogwaro. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba, ban kuma sake ji ba.

Na sulale na koma masaukina. Ban jima da zama ba sai ga Inna Tumba da ragowar furar a ɗan ƙoƙo. Ta dire a gabana, ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa.

Ta ce, "Nan babu suruki, mijina. Sha mu gani."

Na kurɓa. Kamar mutum ya lashi gindin fitila ne aka bi shi da citta. Na rasa inda zan tofar, tana kallona, dole na haɗiye.

Ta ce, "Yaya Ingila?"

Na tura ƙoƙon gefe. Malam Buba kuwa an ce ya wuni yana gyatsa, ya ƙi yarda kowa ya yi masa sannu. Har ya rasu bai taɓa tayar mini da maganar ba.

To ko injin ya ci kuɗinsa? Mata sun kwance shi sun dirje da toka da ruwan zafi, suka niƙa dusa a ciki har sau biyar suna zubarwa. Bayan haka ya yi aiki, ba laifi. Hajo ta yi shekara da shekaru tana niƙa yaji da wake da shi, amma gero ta ce turmi ya fi sauri, kuma a turmi ana samun abokan hira. In da don ita na saya, da sai in ce an yi canjaras.

Sai dai akwai farashin da akawun kanti bai faɗa mini ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa a gida, sai an laƙaba masa wani, kuma kakanni ke laƙabawa. Kafin a yi arba'in Inna Tumba ta sa wa yaron Fitila, sunan ya bi shi daga Shagari har Bodinga. Yau ga shi da furfura a gemu, da 'ya'ya da jikoki, Malam Fitila ake ce masa. Ya taɓa tambayata dalili yana saurayi, na ce masa don ya haskaka gida ne ranar da aka haife shi. Ya ji daɗi ƙwarai, ni kuma na roƙi Allah gafara.

Abin da na koya dai kaɗan ne: duk abin da kunya za ta hana ka ɗanɗanawa a gaban manya, to ka ɗanɗana shi a bayan gida kafin ka aika musu. In kuwa tsohuwa ta ce ka shinshina, ka ajiye iliminka ka shinshina.