Garwar Mai Ta Aro

Mutanen da suka koya mana jin kunyar tukwanenmu, su ne suka dawo suna tambayar ina muka kai su. Wannan shi ne abin da na ƙullata, kuma ban yafe ba. Amma tunda na ɗauko zancen, dole in faɗi rabona na wautar, don abin da ya same ni a ɗakin taro na Dutsin-Ma ba zan manta da shi ba har a sa ni a ƙasa.

Lokacin ba a ba mu jiha ba, muna ƙarƙashin Kaduna. Ni ce shugabar mata masu man gyaɗa a unguwarmu a Kurfi. Ba don na fi kowa iya matsa aka ba ni ba, sai don na fi kowa baki, kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci har da jikata a goye, na fito ina rubuta sunana ba dangwala yatsa. (A lokacin ji nake ko ƙaramar hukuma aka ba ni zan riƙe.) Burinmu ɗaya ne: wata makarantar kwana a Dutsin-Ma ta riƙa sayen manmu. Alhaji Mamman ɗan kwangila ne ke kawo mata na kamfani daga Kano, garwa-garwa, mu kuwa namu na zaune a kwalabe muna jiran ranar kasuwa.

Rannan sai ga Malam Sule, ma'aikacin ƙaramar hukuma, a kan babur. Ya ce, “Shugaba, manyan baƙi za su zo daga jami'a. Bincike suke a kan yadda gwamnati ke sayen kayan abinci. Gidanki na zaɓa. Don Allah a gyara, kar a ba mu kunya.”

Ban tambaye shi abin da suke nema ba, shi ma bai faɗa ba. Ina jin shi kansa bai sani ba. A wurinmu kuwa in babban baƙo zai zo, ba ka nuna mashi abin da kake ci kullum. Na kanti ake nemowa. Ga shi kuma a aji shekara da shekaru malama na gaya mana hayaƙi ƙauyanci ne, ƙwarya ƙazanta ce.

Sai na tashi aiki. Turmi, tukunyar suya, ƙore, tarin kara da ɓawon gyaɗar da muke hura wuta da su, duk na kwashe na jibge a gidan maƙwabciyata Gwaggo Abu, wadda ta fi kowa tsufa a sana'ar. Na shafe madafi da farar ƙasa. Na aro risho, na aro leshi. Sannan na yi babbar: na je shagon Alhaji Mamman na aro garwar man kamfani, sabuwa, mai zane a jiki. Ko musu bai yi ba. “Ɗauki mana, Shugaba, ai ke tamu ce.”

Gwaggo Abu na kallona ta kan katanga. Ta ce, “Ke 'yar nan, baƙin nan mai suka zo gani, ko aurenki suka zo nema?”

Na ce, “Gwaggo, ba ki san 'yan boko ba. Ni na zauna a aji.”

Suka zo su biyu: Dakta, wani siriri mai tabarau, da Malama Rahila, Kirista ce 'yar kudancin jiha, da na'urar hoto a wuya. Dakta ya shigo yana baza hanci kamar mai neman wani abu. Babu abin da ya shaƙa sai turaren wutar da na banka.

“Baba, da wane mai kike girki a gida?”

Na dafa garwa. “Da wannan. Mu nan mun waye.”

“Wuta fa?”

“Risho. Kara ai sai can cikin ƙauye.”

Malama Rahila, Allah ya saka mata, ta so ta cece ni. Ta ce a hankali, “Mama, yau ba a suya ne? Muna son mu gani.” Na ce ai ba kullum ake wannan wahalar ba. Da ta ɗaga na'ura na gyara ɗauri, na ɗora hannu a kan garwar kamar mai hoto da ɗanta da ya dawo daga Makka.

Bayan damina aka kira taro a Dutsin-Ma don a faɗi abin da binciken ya gano. Na kwashi matanmu cikin akori-kura, na ce kowa ta ci ado, yau ranarmu ce. Ga shugaban ƙaramar hukuma, ga shugabar makaranta, ga 'yan kwangila a gaba. Aka rufe tagogi aka kunna majigi.

Dakta ya yi magana da Hausa tas, ba wanda zai ce bai ji ba. Ya ce in gwamnati za ta sayi abu, ta sayi na kusa, wanda zai ɗore: amfanin ya tsaya a gari, manomi ya samu mai sayen gyaɗarsa, kuma mata masu suya da kara da ɓawo ba sa cinye itatuwan daji. Muna ta gyaɗa kai. Ya nuna mata masu mai na ƙauyen Dabawa cikin hayaƙi, zannuwa duk maiƙo. (Har na taɓa Gwaggo Abu na ce dubi abin kunya.)

Sai ga fuskata a bango, ta kai ƙofar zaure girma.

Ba wanda ya ce in tashi. Na miƙe tsaye, na juya don na baya su gani, na ce, “Ni ce nan.” Wasu har da tafi.

Dakta ya gyara tabarau. Ya ce, “Wannan hoton shi ya fi damunmu. Shugabar masu mai ce ta Kurfi. Ita kanta ba ta cin man da suke yi, kuma ba mu ga alamar sana'ar a gidanta ba. Saboda haka ba za mu iya ba da shawarar a sayi na Kurfi ba.”

Daga gaba Alhaji Mamman ya ce, “Dakta, in an gama a bar mani hoton nan in manna a shago.”

Aka fashe da dariya, ni kuwa ina nan tsaye. Ni da ban taɓa rasa amsa ba, abin da ya fito daga bakina shi ne, “Garwar ta aro ce.” Dariyar da aka yi ta biyu ta fi ta farko. Malam Sule kuwa ya samu aikin duban takalminsa.

Aka ba matan Dabawa gwajin kai wa makarantar mai, sauran ya zauna a hannun Alhaji. A mota duk suka juya mani baya, matan da suka sa rai za su daina tallar kwalba. Sai da muka shigo Kurfi Gwaggo Abu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “To, 'yar aji. An ga wayewa.”

Wautata na ɗauka. Amma har yau ina tambaya: mutumin da ya yi karatu har ya zama Dakta, ya shiga gidan mai mai ya tarar da madafi fari fat, ba zai leƙa bayan katanga ba? Turmina na nan taku kaɗan daga inda ya tsaya. Ya zo sau ɗaya, ya ɗauki hotonsa ya tafi, mu aka bari da sakamakon. Abin da na koya bai da yawa: in an ce baƙo zai zo dubanka, tambayi abin da ya zo gani kafin ka share.

Washegarin taron ban sa leshi ba. Na ɗaura zanen suyata, wanda maiƙo ya riga ya cinye, na cika galan da man da muka matsa, na hau motar farko zuwa Dutsin-Ma. A ƙofar madafin makarantar na dire shi, na ce a kira mani babbar mai girki. Da ta fito na ce ta sansana ni tukuna, sannan ta sansana man.