Miyar Santsi Ranar Jarrabawa

Maƙwabciyata Ok-bun, wadda a coci ake kira Agata, kalanda biyu ta rataya a bayan ƙofa, ta wata da ta rana. Kowace safiya sai ta tsaya ta dube su kafin ta ɗora tukunya. Ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

Wata Juma'a cikin azumin Kirista na kwana arba'in, ina zaune a gidanta tana kankare ƙumbar teku, jikanta Du-sik ya leƙo da riga mai guga. Ranar zai zauna jarrabawar tuƙin jirgin ruwa, karo na uku.

"Lafiya lau na kwana, amarya," ya tsokani kakarsa. "Me ke tafasa haka?"

"Miyar ganyen teku, maigida. Yau aka haife ka."

"Ni? Ai sai watan gobe."

"A kalandar marasa kunya. A ta wata, yau ne. Har na jefa naman shanu, na tuna Juma'ar azumi ce, ba a cin nama, na tsame na sake tukunya."

"Naman fa?"

"Kare ya ci. Shi ba a yi masa baftisma ba."

"Tsohuwa, miya mai santsi za ki ba ni ranar jarrabawa? In sake zamewa?"

"Bara da ka zame, miyar wa ka sha? Kan ne ba gishiri. Fadan cocinmu ya ce wannan duk camfi ne."

"Fada ya taɓa faɗuwa sau biyu? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Kuma ba ke kika ƙwace kwanon daga hannun Baba ranar tasa jarrabawar ba?"

Ta dubi tukunya, ta dube ni. Ni na dubi tabarma.

"Tsaya," in ji ta. "In ka sha, ka zame. In ba ka sha ba, an ce kakarka ta bar ranar haihuwarka ba miya. In na ajiye sai gobe, goben ba ranar ba ce. To wa ya haɗa ranakun nan uku wuri guda?"

"Ke da kalandunki. Ni mota za ta tashi."

"Je ka, na sake ka. Dama mai sayar da ƙaguwa ya daɗe yana sona."

Amma ta riƙe masa riga. Ta tura hannu can cikin buhun shinkafa, ta zaro alewar nan mai danƙo da ake ba masu jarrabawa don su manne.

"Kifi na ganinki, mai jar koma! Ba ke kika bar alewa sai bikin Ista, ƙarshen azumi ba?"

"Ajiya nake yi wa mijina."

"Wannan gurbin haƙoran na wane ne?"

Ta yi dariya har da tari. "Ɗanɗanawa na yi, kar ta lalace. Ci, ɗan banza, ka manne musu."

Ya cusa a baki, ya fita yana taunawa. Ta ɗauki carbi ta bi bayansa zuwa tasha, ta ce in duba mata wuta. Rabin ƙumbar na cikin ruwa, ba a kankare ba.